Gaisuwar da Ake Bin Hajiya Zinariya

Gaisuwa ɗaya ake bin Hajiya Zinariya, kuma uwar da ta haife ta ce ke bin ta.

Duk unguwar Harra ta Gabas a Madina an san tsohuwar nan ba ta kwana da nauyin kowa. In ka aiko mata da kwanon tuwo, ba zai koma gidanka wayam ba. In ka zo mata barka, ranar taka ita za ka fara gani a bakin ƙofa. Ko matattu ba ta yarda su bi ta. Kowace safiya, kafin ta shimfiɗa kayanta a Uhudu, sai ta tsaya bayan shingen shahidai ta yi musu sallama. Ran Juma'a kuma ta tsaya bayan katangar Baƙi'a ta gai da mahaifinta da mijinta. Uwarta kaɗai ce ba ta da inda za ta tsaya ta gaishe ta.

Ku riƙe wannan, don shi ya kusa hana jikarta Suhaila aure.

Suhaila marainiya ce ta wajen uwa, a hannun kakar nan ta tashi, Sitti take kiranta irin na Larabawa. Ubanta Sulaiman direba ne, mutum mai sanyi, bai taɓa tsallake maganar uwarsa ba. Ran Alhamis in babu makaranta, Suhaila kan zauna wa kakarta a wurin sana'a, tana sayar wa masu ziyara na'ana'a da busasshen fure da turare.

A irin wannan Alhamis ɗin ne, a shekarun da wayar hannu ta fara shiga jakar 'yan mata, wani dogon saurayi ya tsaya a gabanta yana tambayar kuɗin na'ana'a da Larabcin da bai gama nuna ba. Kaka ta tafi alwala. Suhaila ta ɗaga ido ta cikin niƙabi, sai ta ga wani abu a fuskarsa: rana ta ƙona goshi da kumatu, amma zagayen idanunsa da hanci ya fi sauran haske, da layi tsaf kamar an zana.

Ta juya wajen yarinyar da ke kusa da ita, ta ce da Hausa ƙasa-ƙasa, "Fatna, shufi, dubi wannan. Kamar an kifa masa kwano a fuska an bar shi a rana."

Saurayin ya ci gaba da shinshina na'ana'ar. Can ya ce, "Ba kwano ba ne, ranki ya daɗe. Gilashin shiga ruwa ne."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Suhaila ta shige. Ta ce, "Ma'alesh, wallahi ka yi haƙuri! Ban san kana ji ba."

"Ai kin biya ni. Na daɗe ban ji an yi mini tsiya da harshen gida ba."

Sunansa Ɗayyabu, mutumin Yawuri, a bakin kogi aka haife shi. Injiniya ne a wurin da ake tace ruwan teku a Yanbu, ruwan da ke biyo bututu har Madina. Yakan zo ƙarshen mako ya yi salla a Harami ya koma. Ranar ya sayi na'ana'ar da ta fi ƙarfin shayin gwauro. Alhamis ta gaba ya dawo. Ta gaba ma haka.

Yaron yana da tarbiyya, wannan kam ba a ƙwace masa. Bai nemi lambarta a kasuwa ba. Sai da ya nemi Sulaiman a masallacin unguwa, ya faɗi sunan ubansa da na garinsu, sannan aka ba shi izinin gaisawa da ita ta waya. Hausar Suhaila ta baki ce, ba ta taɓa rubuta ta ba, a kan saƙonninsa ta koya.

Ya rubuto: "Mai na'ana'ata, yau na shiga ruwa a wani tsibiri da ba kowa sai tsuntsaye. Na ga wani ɗan kifi rawaya yana leƙo ni ta bayan dutse, idanu kawai nake gani. Na ce masa, na san irinka a Uhudu."

Ta mayar: "Ya ɗan ruwa, ittaƙillah. Ni ce kifi? Ka fito ka shanya, kada sanyi ya kama min kai."

Ya rubuto: "Kin ce 'kama min kai'. Na ajiye wannan."

To, a nan yarinyar ta yi nata kuskuren. Tun tana rarrafe ta san kifin teku ba ya shiga gidansu, ta san ba a ambaton bahar, wato teku, a gaban kakarta, ta san jininsu ba ya zuwa gaɓa ko da yawon makaranta ne. Amma ta ji tsoro. Ta gaya wa kaka cewa Ɗayyabu injiniyan ruwan famfo ne, ta yi shiru a nan. Shi kuma ba ta gaya masa komai ba, tana cewa sai an saba tukuna. Ta bar kowannensu cikin duhu, ita tana tsakiya tana fatan alheri.

Akwai kuma Hamid, jikan ƙanwar Hajiya, mai shagon dabino a unguwar Ƙiblatain. Bai taɓa buɗe baki ya ce yana son Suhaila ba, don a ganinsa abin gida ba ya buƙatar tambaya. Da ya ga baƙo ya riga shi, sai ya jawo baƙon jiki, yau shayi gobe rakiya. Da lokacin zuwa gai da kaka ya yi, Ɗayyabu ya tambaye shi abin da tsohuwa ta fi so.

Hamid ya ce, "Kai da ke zaune a Yanbu kake tambaya? Najil, ya akhi. Babu kifin da ya kai shi daraja a Hijaz. Ka kawo manya, kuma kada ka gaya wa Suhaila, bari su gani kwatsam."

Ran Juma'a bayan la'asar Ɗayyabu ya yi sallama, da farar riga da akwatin ƙanƙara a kafaɗa. Sulaiman ya zaunar da shi a ɗakin baƙi, ya shigar da akwatin cikin gida bai buɗe ba. Suhaila tana tsaye da tiren shayi lokacin da kakarta ta ɗaga murfin.

Manyan kifaye ne jajaye, da ɗigo-ɗigon shuɗi a jikinsu, idanunsu a buɗe a kan ƙanƙara.

Hajiya Zinariya ba ta yi ihu ba. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta mayar da murfin a hankali, kamar mai rufe fuskar mamaci.

"Sulaimanu."

"Na'am, Inna."

"Mayar wa baƙonka kayansa. Ka ce masa a gidan nan ba a cin abin da ya ci uwata."

Suhaila ta ji ƙarar ƙofar waje, ta ji tashin mota. Shayin ya huce a hannunta.

Da tsohuwar ta tsananta tambaya, gaskiya ta fito: ba famfo kawai ba ne, yaron cikin tekun yake shiga da ƙafarsa, don sha'awa ma, ba don aiki kaɗai ba.

Ta ce, "To, an gama. Ruwan nan ya karɓi uwata, ba zan miƙa masa jikata ba. Mai shiga cikinsa kullum, wata rana ba zai fito ba. Ko ya bar ki da takaba ba kabari, ko ya ja ki ku tafi tare."

"Sitti, don Allah ki saurare ni..."

"Na saurare ki da kika ce famfo."

Saƙonsa ya shigo kafin magariba: "Suhaila, me na yi? Baba ya ba ni haƙuri amma bai gaya min laifina ba."

Ta rubuta tana kuka: "Wa ya ce ka kawo kifi?"

"Ni na saya, ni na ɗauko. Laifin nawa ne. Ki gaya min yadda zan gyara."

"Ba ya gyaruwa. Ni ce ban gaya maka ba. Khalas, shi ke nan, ka daina zuwa Uhudu."

Ya daina. Amma kowace Alhamis saƙo ɗaya yakan shigo, ba ya canzawa: "Ina nan, mai na'ana'ata." Ba ta amsawa, ba ta kuma gogewa. Ta rame har abayarta ta koma kamar ta aro.

Hamid kuwa ya yawaita zuwa gaisuwa, da kwalin dabinon ajwa a hannu. Wata rana yana zaune a tsakar gida yana shan gahawa, bakinsa ya fi shi sauri.

"Ni fa mutanen nan da suke zuwa aiki ba su san mutunci ba. A ce mutum ya rasa abin da zai kawo wa Sitti sai najil?"

Tsohuwar tana tsince na'ana'a, ba ta ɗago ba. "Wa ya ce maka najil ne?"

"Ai... an faɗa."

"Ni na buɗe, ni na rufe. Sulaimanu bai leƙa ba. Yarinyar nan ba ta san sunan kifi ko ɗaya ba, ni na hana ta sani. Ni kuma ban faɗa wa kowa ba." Sai yanzu ta dube shi. "Ɗauki dabinonka, Hamidu. Ka gai da uwarka."

Da ya fita ta ture na'ana'ar gefe. Abin da ke cin ta ba soyayyar yara ba ce. Ta kori baƙo daga ƙofarta a kan ramin da jininta ya haƙa masa, wannan kuwa nauyi ne, kuma ita ba ta kwana da nauyi.

Ta ce, "Sulaimanu, yaron nan yana bina ban-haƙuri. Kira shi ya zo ya karɓa. Ban ce na ba shi kowa ba."

Ya zo. Aka saki labule tsakanin ɗakin baƙi da tsakar gida, tsohuwa a ciki, Suhaila a bayanta ta rakuɓe.

"Ɗan nan, wa ya ba ka shawarar kifi?"

"Hajiya, hannuna ne ya ɗauko."

"Na san wanda ya ba ka. Ina so in ji ko za ka faɗa ne. To, ka yi haƙuri da korar da na yi maka. Na biya?"

"Ba ki ci bashina ba, Hajiya."

"Ni na san abin da na ci."

Kowa ya ɗauka an gama. Sulaiman har ya fara gyara zama zai raka baƙo. Sai muryarta ta sake fitowa, ta sauya, ta yi ƙanƙanta.

"Kai da kake shiga. Me ke ƙasa?"

Ɗayyabu ya ce, "Wane wuri, Hajiya? Bahar Maliya da faɗi."

Nan ta ba da labarin da ko Sulaiman bai taɓa jin sa a jere ba. Tana 'yar ƙarama, ko haƙoran gaba ba ta gama sakewa ba, suka taso daga ƙasar Damagaram da ƙafa, ita da uwa da uba. Suka yi shekaru a hanya, ana noma a Sudan ana tara guzuri. Daga gaɓar can suka shiga jirgin katako mai filafilai, irin wanda ke tsallakar da alhazan da ba su da takarda. Iska ta kwashe su ta yi arewa da su. Ruwan sha ya ƙare. Uwarta, Nana Khadija, ta cika ana hango ƙasar Hijaz.

"Akwai wani ɗan tsibiri, da farin yashi, da dutse a gefe kamar raƙumi ya durƙusa. Babana ya roƙi mai jirgi a tsaya a binne ta. Ya ce gari ya waye, masu gadin gaɓa za su gan mu. Sai aka ɗaura mata dutsen niƙanta, wanda ta ɗauko tun daga gida a ka. Ina so in je in taɓa ta, wata mata ta lulluɓe min fuska da baƙin zane ta matse ni. Na ji ƙarar ruwa. Shi ke nan. Ban ce mata komai ba."

Ta numfasa.

"Tun ranar in na rufe ido na tuna ta, baƙin zanen nan nake gani. Tana can cikin duhu ita kaɗai, abubuwa suna zagaya ta. Kowa na da wurin da ake tsayawa a ce masa assalamu alaikum. Ita fa?"

Ɗayyabu ya matso kusa da labulen.

"Allah Ya jiƙanta. Hajiya, kusa da irin tsibiran nan ba duhu. Rana tana sauka har ƙasa."

"Daɗin baki."

"Shi ya sa ba zan ƙara ba. Akwai tsibirai a arewa da Yanbu, na san mai jirgin da ke kai ni. In kin yarda, in kai ki."

Ya yi sallama ya tafi. Aka shiga azumi aka fita ba ta tayar da zancen ba. Sai wata safiya bayan salla ƙarama, Suhaila ta fito ta tarar da ita a zaune a bakin gado da mayafin fita, ta ɗaure carbinta a hannu.

"Gaya wa ubanki ya zuba mai a mota. Ki gaya wa ɗan ruwan naki ya nemo takardar izinin masu gadin gaɓa."

Ran da takardar ta fito, tun asuba suka kama hanya. Tunda suka bar duwatsun Badar iska ta fara warin gishiri, tsohuwar ta kama jan carbi. A bakin gaɓa sai da Sulaiman ya ɗauke ta cak ya sa a jirgin. Wani tsohon masunci ne ke tuƙi. Hajiya ta runtse ido tun daga tashi, ta damƙe hannun Suhaila har farcenta ya shiga nama. Suhaila kuwa, wadda ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tankin gidansu ba, ta kasa ƙifta ido.

Hantsi ya ɗaga suka isa. Tsibirin ɗan ƙarami ne, ba gida ba bishiya, sai farin yashi mai laushi kamar gari da fararen tsuntsaye a tsaye a gefe. Ba motsin kowa. Ruwan bakin gaɓar garau yake, kana ganin inuwar jirgi a kwance a ƙasa. A ƙarshen yashin akwai wani baƙin dutse mai tozo.

Aka shimfiɗa wa tsohuwar darduma. Ta buɗe ido ta dubi dutsen, ta daɗe.

Masuncin ya matso kusa da Ɗayyabu ya yi masa raɗa da Larabci, Suhaila tana ji. "Duwatsu irin wannan sun fi a ƙirga daga nan har Umluj. Ka ce mata nan ne, ya waladi. Tsohuwa ce, hankalinta zai kwanta, kai ma ka samu naka."

Kamar ta ji, Hajiya Zinariya ta kira shi.

"Ɗayyabu. Kai ka san ruwan nan. Nan ne? In ka ce min nan ne, na ba ka yarinyar nan kafin mu koma gaɓa. Ga ubanta shaida."

Allah Ya yafe wa Suhaila, a ranta cewa take: ka ce eh. Kalma ɗaya ce, ka ce eh.

Ya durƙusa a kan yashi, kansa a ƙasa.

"Ban sani ba, Hajiya. Yana iya zama nan, yana iya zama wani. Bari in duba."

Ya sa gilashinsa, ya kama ɗan bututun numfashi da baki, ya zura takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Suna kallon bayansa yana yawo a saman ruwa, can ya nutse, can ya ɓullo ya feso ruwa ta bututun. Duk nutsewar da ya yi sai leɓen tsohuwar ya motsa. Ya zagaya dutsen, ya koma, ya sake zagayawa, har rana ta take tsaka.

Ya fito hannu wayam, idanunsa jajur.

"Ban ga dutsen niƙa ba. Ko yana nan, murjani ya daɗe da rufe shi. Ba zan nuna miki kabarin da ban tabbatar ba, Hajiya, ko da a kansa zan rasa ta."

Tsohuwar ta kawar da kai. "To, mu tafi."

Sulaiman ya sunkuya zai naɗe darduma. A nan ne Suhaila, wadda ba ta taɓa musa wa kakarta a gaban mutane ba, ta miƙa hannu ta ɗauki gilashin daga kan yashi.

"Sitti, mun zo har nan. Ni zan duba miki."

"Ajiye abin nan!"

"Kakata ce ita ma. Ni ma ban taɓa gaishe ta ba."

Ɗayyabu ya yi wa Sulaiman bayanin yadda ake sawa, sannan shi da masuncin suka koma bayan jirgi suka juya baya. Suhaila ta ɗage niƙabi, ubanta ya ɗaura mata gilashin a kan ɗankwali. Ta shiga da abayarta, yana riƙe da hannunta biyu, har ruwa ya kai mata ƙirji. Ruwan da ɗumi. Ta ciji bututun, ta yi bismilla a zuci, ta kifa fuska.

Da farko numfashinta kawai take ji, yana shiga yana fita da ƙarfi. Sai ido ya washe.

Haske ne ko'ina. Rana ta sauko ta zama zare-zare tana rawa a kan farin yashi. Gaba kaɗan ga murjani ya tashi kamar lambu, wani da rassa, wani dunƙule kamar ƙwarya a kife, wani ruwan hoda, wani shuɗi-shuɗi. Ƙananan kifaye ruwan lemo sun taru a kansa kamar an watsa fure. Wani kore mai baki kamar na aku yana gwaguyar dutse, har tana jin ƙarar. Wani ɗan rawaya ya zo daidai gilashinta ya tsaya yana kallonta, sannan ya wuce abinsa. Ba abin da ke gudu, ba abin da ke kora.

Ta ɗago tana tari tana kuka.

"Sitti! Wallahil azim ba duhu! Ta'ali, zo ki gani!"

Ba wanda ya san abin da ya wuce a zuciyar tsohuwar nan a lokacin. Ta dubi jikarta a tsaye cikin ruwan da ta yi shekara sittin tana tsine wa, ga ta da rai, fuska na sheƙi. Ta tuɓe takalmanta ta jera su a gefen darduma. Ta miƙe da kanta.

Ɗanta ya riƙe dama, jikarta ta riƙe hagu. Da ruwa ya taɓa idon sawunta ta ce, "La haula." Da ya kai gwiwa ta tsaya, suka jira ta. Da ya kai ƙugu Suhaila ta sa mata gilashin. Ta ƙi bututun, ta ce ba za ta sa roba a baki ba da girmanta. Ta ja numfashi, ta sunkuya.

Ta ɗago. Ta sake ja, ta sake sunkuyawa. Wannan karon ta daɗe har Sulaiman ya tsorata ya jawo ta.

Ta cire gilashin. Ruwa na bin tamojin fuskarta, ba ka rabe na teku da na ido.

"Ashe da haske," ta ce. "Sulaimanu, ashe da haske take kwance."

Sai ta gyara tsayuwa yadda take yi a bayan katangar Baƙi'a, ta fuskanci faɗin ruwan, ta ɗaga murya.

"Assalamu alaiki, Inna. Zinariya ce. Na iso Madina, na yi aure, na haifa, ga jikanki ga 'yarsa. Baba yana Baƙi'a. An rufe min ido ranar, shi ya sa ban yi miki sallama ba. Ko nan ne ko ba nan ba, ruwan ɗaya ne, Mai kai saƙon ma ɗaya ne. Allah Ya jiƙanki, Ya sa kin huta."

Suka ce amin. Daga bayan jirgi ma aka ce amin, murya biyu.

Ba ta ce komai game da aure ba a tsibirin, ba ta ce ba a jirgi. Sai da mota ta kama hanyar Madina, tana lulluɓe da bargo a baya, Ɗayyabu na gaba kusa da Sulaiman, sannan ta yi gyaran murya.

"Kai ɗan Yawuri."

"Na'am, Hajiya."

"Da ka ce min nan ne, da na cika alkawari na ba ka ita, don ban taɓa cin alkawari ba. Amma da ban ƙara yarda da maganarka ba har in mutu. Dutsen da na gani ina yarinya ya fi wancan girma."

Sulaiman ya ce, "Inna, ai komai yana da girma a idon yaro."

"Wa ya sa da kai? Tuƙa motarka." Ta juya ga Ɗayyabu. "Ka aika Yawuri manyanka su yi magana. Sharaɗina ɗaya: duk ranar da za ka shiga ruwan nan, ka yi wa uwata sallama kafin ka sa fuska."

Wayar Suhaila ta yi motsi a cikin jaka, alhali mai saƙon yana zaune gabanta ko waiwaye bai yi ba. "Mai na'ana'ata, kin ji?"

Ta rubuta: "Na ji, ya ɗan ruwa. Yanzu ni ma an kifa min kwano."

Takardun auren baƙo da 'yar ƙasa suka ja lokaci, kamar yadda suka saba, aka yi ta sintiri har Allah Ya kawo ƙarshensu. Aka ɗaura aure bayan aikin hajji. Hamid ya aiko da dabinon walima, bai zo ba. Hajiya ta karɓa, ta mayar masa da kwalin cike da turare, ta ce tsakaninsu ya wuce.

Ana saura kwana kaɗan biki ta sa aka kira ango.

"Ina kifina?"

"Wane kifi, Hajiya?"

"Wanda ka kawo min na mayar. Kyauta ce ka ba ni, tawa ce. Wa ya cinye?"

Ya sosa kai. "Abokan aikina."

"To, ina bin ka."

Ranar walima aka shigo da najil a kan babban faranti bisa shinkafa, aka ajiye a gabanta. Matan Harra suka yi tsit, masu guɗa suka haɗiye guɗarsu. Ta yi bismilla, ta gutsuri kaɗan da yatsu uku, ta tauna a hankali, ta haɗiye.

"Gishiri ya yi kaɗan," ta ce.

Sannan ta jawo amarya ta dafa kanta.

"Allah Ya yi muku albarka, ke da shi. Allah Ya ba ku zuri'a mai tsoronSa. Allah Ya fito min da shi daga ruwa duk ranar da ya shiga. In mace ce ta fari, kun san sunan uwata za ta ci."

Suhaila ta ce, "Mun sani, Sitti."

"To, ku ci. Ba mai bina, ba na bin kowa."